Takunkumin da Kowa Ya Gwada

Tunda kai aka ɗora wa yawon shelar takunkumi a ƙauyukan nan, ɗan'uwa, tsaya in ba ka wani misali kafin ka tayar da babur. A wani gari an yi wani mai sayar da huluna, mutumin kirki, ba shi da kowa a gida sai mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon asma, wadda yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Da annoba ta shigo, gwamnati ta yi ta sanarwa a rediyo cewa kowa ya rufe hanci da baki in zai shiga jama'a. Mutumin nan bai tsaya gardama irin ta teburin mai shayi ba, masu cewa ai cutar ta manya ce. Ya ture hulunansa gefe, ya sa tela ya ɗinko masa takunkumi na atamfa da na shadda, ya jera a faifai. Sai dai shekara talatin yana sana'ar hula, kuma hula ba a sayenta sai an gwada. Don haka madubinsa na nan inda ya saba ajiye shi. Mai saye zai ɗaura wannan, ya yi magana a ciki ya ji ko numfashi na fita, ya ce igiyar ta matse masa kunne, ya cire ya mayar, ya ɗauki wancan. Wani har tari yake yi a ciki. Shi kuwa sai ya karkaɗe ya gyara ninki, yadda yake yi wa hula. Jami'an lafiya sun wuce ta gaban rumfarsa ya fi a ƙirga, suna yi masa sannu da ƙoƙari, ko ɗayansu bai leƙa faifan ba. Su dai sun ga fuska a rufe, aiki ya yi kyau.

A cikin kayan akwai wani na farar shadda mai laushi. Kowa ya zo shi yake fara ɗauka, amma ya yi wa masu gemu kaɗan, sai a mayar. Ran nan mutumin ya ce ai wannan daidai fuskar tsohuwa ne. Wata biyu ke nan ya hana ta biki da suna, ko zaure ba ta leƙawa. Ya kai mata ya ce, "Inna, ko maƙwabta sun shigo gaisuwa kada ki cire." Ta ɗaura tana sa masa albarka, ta ƙi wankewa don kada shaddar ta mutu. Mako bai zagayo ba zazzaɓi ya kama ta, numfashi ya gagara. A asibiti aka tambaye shi inda ta je, ya rantse ba ta je ko'ina ba. Aka tambaye shi inda ta samu takunkumin, ya kwashe labari ya faɗa, har da ɗan alfahari. Sai da ya ga likita ya sunkuyar da kai sannan ya gane abin da ya aikata. Kwana uku ta cika.

Abin da ke ci mini rai, bawan Allahn nan bai ƙi doka ba, bin ta ya yi iya saninsa. Kun ce a saka, kuka yi gaba. Kuma wallahi ban ga alamar za ku sauya ba. Kai ma yanzu lasifika za ka kunna ka wuce da gudu. Hausawa dai sun riga sun faɗa: rashin sani ya fi dare duhu.