A Auna Kafin A Zuba

Da na'urar intanet ɗin ƙauyensu ta kama aiki, sai ya saki dariya har kakarsa ta tsaya da damun fura. Tun safe yake duƙe kan kwamfuta, bai sa komai a cikinsa ba, rabin hankalinsa na kan ƙwaryar nan.

"Angona, me ka kamo?"

"Ciwonta na gano, tsohuwa. Duk saƙon da ya shigo, akwai ɗan mazubin da take tara shi. In saƙo ya fi mazubi, sai ya malala cikin na maƙwabci, komai ya tsaya cak. Yanzu na kafa mata doka: a auna kafin a zuba, abin da ya fi ƙarfin mazubi a hana shi shiga. In an gama kuma, a mayar da mazubi."

"Doka ta yi kyau," in ji ta.

Ta daɗe tana duban shafaffen cikinsa. Sannan ta miƙa masa ludayi ɗaya tak, ta janye ƙwaryar tsakanin ƙafafunta.

"Na auna. Kada ka yi min ambaliya a tabarma. In ka gama, miƙo ludayina."