Sabulu da Hutu

"Wannan ai ƙazanta ce," in ji Ridwanu, yana nuna fuskar kwamfuta da leɓe. "Don kawai a ce mota ta taso daga Kano, sai an naɗe saƙon a ambulan cikin ambulan?"

Yahuza, abokin aikinsa, bai ko ɗago ba. "Da SOAP manyan kamfanoni ke aiki. REST ɗinka na malalata ne."

Tun bayan Sallah suke wannan musu a shagonsu na Agege, kan SOAP da REST, hanyoyi biyu na aika saƙo tsakanin kwamfutoci. Alhaji Na'Allah, dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, shi ya ɗauke su su haɗa kwamfutarsa ta Kano da ta Legas, don ya riƙa sanin ranar isowar kaya. Har yau sun kasa zaɓar hanyar da za su bi.

Wani wari ya cika shagon, Ridwanu ya toshe hanci. Alhaji ne, rigarsa jage-jage da ruwan ruɓaɓɓen tumatir. Mota guda ta iso ba labari, ta yini a rana har kayan suka narke.

Ya zaro sabuwar wayar salula daga aljihu. "Yanzu ta wannan wayar direba zai riƙa kirana. Na kuma tambayi mai jin Turanci abin da kuke ta faɗa a kai. Wai SOAP sabulu ne, REST kuma hutu."

Ya dire sandar sabulu a gaban Yahuza. "Ga naka. Motar na waje, a wanke."

Ridwanu ya fara murmushin mugunta.

"Kai kuma mai son hutu, na ba ka. Kada ka dawo."