Janaretan Tsohon Akawu

Ka ce kana shawarar abin da za ka saya wa kwamfutarka saboda ɗaukewar wuta. To, kafin ka shiga kasuwa, saurari wannan.

An yi wani tsohon akawu da ya shekara talatin da biyu yana buga tafireta a ofishin ƙaramar hukuma. Da ya yi ritaya, ɗansa ya aiko masa da kwamfuta irin ta kan tebur, an ɗan yi amfani da ita amma da sauran ƙarfinta. Burinsa da ita guda ɗaya ne: ya rubuta asalin gidansu, wane ya haifi wane, daga ina aka taso, domin jikokinsa na birni ko sunan kakan ubansu ba su sani ba. Wutar unguwarsu kuwa ba ta sallama in za ta tafi, don haka ya nufi kasuwa neman mafita. Mai shago ya fara nuna masa wani ɗan baƙin akwati mai batir a ciki, bai fi bulo girma ba. Ya ce in wuta ta ɗauke, wannan zai riƙe kwamfutar ko ƙiftawa ba za ta yi ba, kamar minti goma, mutum ya samu ya adana aikinsa ya kashe ta a tsanake. Akawu ya tambaya ko zai ja fanka, aka ce a'a. Firji fa? Shi ma a'a. Ya yi dariya ya ce, "Minti goma? Ai ko shayi bai huce ba." Idonsa na kan wani jan janareta mai taya biyu, wanda zai ɗauki firji da fanka har da dutsen guga. Mai shago ya so ya fahimtar da shi cewa aikin kowanne daban, amma wanda ya riga ya ga abin da ransa ke so ba ya jin bayani. Ya saya, ya gina masa ɗan ɗaki a bayan gida, ya sa kwaɗo. Maƙwabta suka zo suka sa albarka.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya taho da ita daga ofis. A tafireta, harafin da ka buga ya zauna ke nan a takarda, sai ka gama shafi ka zare. Ɗansa ya nuna masa inda ake dannawa a adana rubutu, shi kuwa ya ɗauki abin tamkar zare takarda, wato aikin da ake yi in an gama.

Ana nan sai aka kawo goggonsa daga ƙauye ganin likitan ido. Ƙanwar mahaifinsa ce, ta doshi casa'in, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka san asalin gidan. Kwana ɗaya za ta yi, motarsu za ta juya da azahar. Da safe bayan ta sha koko, ya shimfiɗa mata tabarma kusa da tebur, ya roƙe ta ta faɗa masa abin da ta sani. Ba kullum tsoho ke buɗe cikinsa ba, amma ran nan Allah ya buɗe bakinta. Ta kawo sunan kakan da yunwa ta koro daga arewa da jakai biyu, da matansa, da 'ya'yan kowace ɗaki. Ta faɗi wanda aka binne a gindin tsamiya, da dalilin da ya sa gidansu ba ya auratayya da gidan maƙera. Har kirarin kakan ta yi. Awa uku tana faɗa yana bugawa, bai ɗaga hannu ba don kada ya katse ta.

Dab da azahar fanka ta fara lafawa, fuskar kwamfuta ta yi baƙi. Ko a jikinsa. Ya ce, "Goggo, yi haƙuri, yanzun nan." Ya zaga baya, ya buɗe kwaɗo, ja ɗaya janareta ya tashi, duk unguwa ta ji. Bai yi minti biyu ba ya dawo ya kunna. Abin da ya tarar shi ne bisimilla da kan magana, waɗanda ya rubuta tun jiya. Ya duba sama ya duba ƙasa, babu. Da ya gaya wa tsohuwa rubutun ya tafi, ta kasa gane yadda rubutu zai ɓace ba gobara ba ruwa. Ya roƙe ta ta maimaita ko rabi ne. Ta ce, "Ɗan nan, bakina ya gaji. In ka zo gida ma ƙarasa." Direba kuma ya riga ya fara danna oda a ƙofa.

Damina ta yanke hanyar ƙauyen, sai bayan kaka ya samu zuwa, da littafi da biro a aljihu. Ya same ta lafiya lau, tana cin abincinta. Ta kama hannunsa, ta kira shi da sunan mahaifinsa, ta tambaye shi ko ya ɗaure jakin. Kwana biyu ya yi a gabanta yana lallaɓawa, ya dawo da suna huɗu, dukkansu kuma ya riga ya san su. Bai taɓa yin baƙin ciki irin na wannan tafiya ba.

Janareta bai yi laifin komai ba, an ja shi ya tashi. Amma tsakanin ɗaukewar wuta da tashinsa akwai ɗan lokaci kaɗan da akawu bai ɗauka a bakin komai ba, kuma a cikinsa asalin gida guda ya salwanta. Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.