Murjanin da Aka Bar wa Masunci

Kai da kake cewa ka yi iya yinka amma abin sai ƙara taɓarɓarewa yake, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani masunci da ya tashi a bakin kogi, irin wanda in ya dubi ruwa zai gaya maka inda giwan ruwa ya kwana. Neman abinci ya kai shi wani birni a bakin teku, ya sami aiki a gidan kallon kifi. Kada ka zaci 'yar kwatarniyar tarwada ce. Tafki guda aka ɗaure cikin gilashi, tsayinsa ya kai bene, jama'a na yankar tikiti su shigo su tsaya baki buɗe. Ruwan ciki irin na teku ne, haɗa shi ake yi: a auna gishiri a sikeli, a dama da tataccen ruwa. Abin da ya fi ɗaure wa mutumin kai shi ne murjani. Shi dai a wuyan mata ya san murjani, ashe halitta ce mai rai, tana ci, tana girma, tana ciwo. Akwai wani babba a tsakiyar tafkin, ja, mai rassa kamar itace. Shugabar gidan ce ta rene shi da hannunta tun yana kamar ɗan yatsa, shekara goma sha biyar, kuma don shi ake cika wurin.

Ana nan sai shugabar ta haihu, ta tafi garinsu wankan jego, ta damƙa wa masunci amanar murjanin nan. Kwana biyu da tafiyarta, injin da ke cika tafkin da kansa ya mutu. Zafin fitilu kuwa kullum sai ya shanye ruwa kamar taki guda, ya bi iska. Masunci ya ce ai wannan ba abin tayar da mai jego ba ne. Abu ɗaya ya haddace tun ranar da ya fara aiki: kifin teku ba ya rayuwa a ruwan daɗi. Saboda haka kowace safiya sai ya auna gishiri daidai wa daida, ya dama, ya cike gurbin abin da ya tafi. Wallahi ba ka taɓa ganin ma'aikaci mai tsantseni irinsa ba, ko ɗigon ruwan famfo bai bari ya faɗa ciki ba.

Mako biyu, kifaye suka fara ƙin abinci, suna laɓewa a bayan duwatsu. Murjani ya soma koɗewa daga tsinin rassansa. Masunci ya tsoma na'urar gwaji, ta nuna gishiri ya yi yawa. Yawa daga ina? Shi da ke aunawa da hannunsa? Ya sake awo sau uku. Ya aro wani sikeli, awon bai canza ba. Ya ce ko buhun gishirin ne, ya buɗe sabo. Ya ɗanɗana ruwan, amma harshen da ke lasarsa kullum me zai gane? Daga ƙarshe ya yanke cewa na'urar ce ta haukace, ya jefa ta a aljihun tebur. Ya rage hasken fitila, bai ga sauƙi ba, ya ƙara. Har ya zargi kambun bakin 'yan kallo, ya ja igiya don su tsaya daga nesa. Sau biyu yana ɗaukar waya ya ajiye. A ce jikan masunta ya bugo wa mai jego yana tambayar yadda ake ruwa? Ina! Kansa ya kulle tam, ya rame, tsoro ya cika shi, ga shi kullum farin nan sai gangarowa yake daga reshe zuwa reshe, shi kuma kullum sai ya ƙara kyautata awonsa.

Ranar da shugabar ta cika kwana talatin da uku da tafiya, ya koma gida cin abincin rana. Matarsa ta bar miyar kuka a wuta ta leƙa maƙwabta barka, miya ta tsotse. Loma ɗaya ya kai ya yamutsa fuska, ya ce ta cika gishiri. Ta ce, "Haba Malam, wanda na saba zubawa na zuba. Ruwan ne ya ƙone. In ruwa ya tashi ai ba ya tafiya da gishirinsa." Ta ɗebo ruwan randa ta tsiyaya a tukunya, ta juya. Mutumin nan ya daskare da loma a hannu. Wata guda ke nan ruwa na tashi yana barin gishiri, shi kuma yana bi yana ƙara masa wani.

Ko hannu bai wanke ba ya ruga. Ya dinga sa ruwan daɗi kaɗan-kaɗan har kwana bakwai, kifaye suka farfaɗo suka dawo cin abinci. Murjani kam ya riga ya tafi, ya yi fari fat kamar ƙashi. Da shugabar ta dawo da goyonta a baya, ta daɗe tsaye a gaban gilashin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta tambaye shi yadda ya gano, ya sunkuyar da kai hawaye na zuba, ya ce a tukunyar gidansa, wadda yake cin miyarta shekara ashirin.

To ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.