Ɓeran Yahanasu

Tun da aka fara ba kowane jariri mai ciwon gado ɓera mai irin ciwonsa don a fara gwada magani a kansa, Tabawa take zuwa asibiti duba na 'yarta Yahanasu. Hantar yarinyar tana riƙe sukari ta hana jiki, shekara shida ana ba ta kunun sitaci duk awa uku.

Yau likita ta tare ta da murmushi.

"Maman Yahanasu, maganin ya karɓe shi. Tun jiya bai sha kunu ba, ga shi yana tsalle. Gobe ki kawo ta."

Tabawa ta durƙusa, ta kwance ƙuli-ƙuli daga bakin zaninta. Sai yau ta lura da rubutun da ke jikin kejin ɓeran: Yahanasu, na tara.

"Sauran takwas fa?"

Da likita ta ce sun mutu wurin gwaji, sai Tabawa ta miƙa mata ƙuli-ƙulin.

"To, a ba shi gaba ɗaya. Ya ci nasa, ya ci nasu."