Yatsan da ya kashe mota a tsakiyar rafi

Ka ce za ka saka wa motocinka na'urar nan da ke nuna maka inda suke a waya, har ka iya kashe su daga ɗakinka. Ban hana ka ba, zamani ne ya zo da ita. Amma ni tsoronta nake ji, zauna ka ji dalili.

An yi wani mai tireloli da ke ɗaukar shanu daga kasuwannin arewa zuwa kudu. Mutum ne mai zargi, a wurinsa duk direba ɓarawon mai ne da ba a kama ba tukuna. Da ya saka na'urar sai ya samu abin yi: ya wuni yana kallon motocinsa, kowacce ɗan ɗigo ja tana tafiya a kan taswira. Ya kafa doka, duk wanda ya sauka daga kwalta zai kashe masa mota a inda yake. Wata rana da damina wani direbansa ya ɗauko shanu, sai direban da ke tahowa daga gaba ya ƙyafta masa fitila, ya fito da hannu ya juya shi, kamar yadda direbobi ke yi wa juna in hanya ta lalace. Ruwa ya cinye gada. Shanu ba sa jure tsayuwa a mota, in sun daɗe sai su fara faɗuwa suna tattake juna. Don haka direban shanun ya bi wata tsohuwar hanyar burji da ke ratsa rafi ta mashigi. Rafin yashi ne zalla a lokacin, amma hadari ya haɗu baƙi ƙirin a can gabas inda ruwan ke fitowa, direban kuma ya san minti kaɗan ne gare shi ya haye.

Maigidan yana zaune a falo ana zuba masa abinci, ya ga ɗigon ya bar layi. Ya yi murmushi, ya ce yau ya kama ɓarawo, ya danna. Motar ta mutu a tsakiyar yashi. Direban ya murɗa makulli, shiru. Ya kira maigidan, maigidan ya dubi sunan ya kife wayar, wai bari ya gasu tukuna sai an gama cin abinci. Masu rakiyar shanun ne suka fara jin rugugin ruwa yana gangarowa daga saman rafin, suka dire suka ruga tudu suna yi wa direban ihu ya fito. Shi kuwa ya tsaya, dukiyar mutane ce a wuyansa, yana ta kira yana murɗa makulli, shanu na kuka suna dukan ƙarfen motar da ƙaho. Da maigidan ya wanke hannu ya ɗauki waya, sai ya ga ɗigon yana motsi. Ransa ya ɓaci, yana mamakin yadda aka yi ɓarawon ya tayar da motar da ya kashe. Ya ƙara dannawa, ɗigon bai tsaya ba. Ya matso da wayar kusa da idonsa, sai ya lura babu hanya a inda ɗigon ke bi, shuɗin layin rafi yake bi a hankali yana gangarawa. Nan ya fara kiran direban, wayar ba ta shiga ba.

To, ka ji. Ana cewa nan gaba ma motocin ba za su buƙaci direba ba, yatsa ɗaya daga nesa zai riƙa tafiyar da ɗari. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan, don mai yatsan ɗigo kawai yake gani, ba ya ganin hadari, ba ya jin rugugin ruwa. Wancan mutumin jarkar mai yake tsaro, ya rasa mota da shanu da ran bawan Allah. Hausawa suka ce garin neman gira an rasa ido.