Badukun da Ya Janye Hannu Daga Ciyayya

Tunda ka ce kwana huɗu ba ka zaga ba, har ka fara tunanin gidajen da ka ci abinci a makon nan, to gyara zama ka ji yadda wani baduku ya ƙare.

Mutumin nan tun hantsi har la'asar yana kan buzu, ya duƙufa yana ɗinkin takalma, ba ya tashi sai salla. Ruwa sai an tuna masa, goro ne dai ba ya barin bakinsa. Yana da maƙwabci ɗan lambu, shekara ashirin suna ciyayya, bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa a sa hannu tare a ƙofar gida. Kwanon ɗan lambun ba ya rabo da ganye, yau kwaɗon zogale, gobe ɗanyar kuɓewa. Ana nan sai babban ɗan badukun ya tafi kudu neman aiki, wata uku babu waya babu saƙo. Uban bai gaya wa kowa damuwarsa ba, wai shi namiji. Ya haɗiye abinsa, ciki kuwa ya ɗaure. Sai ya ɗauki buta ya shiga, ya yi nishi har gumi ya jiƙa masa riga, ya fito yadda ya shiga. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kai ya yi nauyi, abu kaɗan ya hau mutum da faɗa. To, mai ciwo ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Nan ya tuna ranar da maƙwabcin ya juyo masa gefen da ya fi miya ya ce ya ci nan. Me ya sa sai nan ɗin? Ya kuma tuna kamar ya ga yana kallon hannunsa sa'ad da yake kai loma. Shi ke nan, ya yanke cewa sammu aka ba shi a tuwo. Ya daina fita ciyayya, ya ce haƙori ke damunsa. Har girkin gidansa ya daina yarda da shi, don matan gidajen biyu suna aron ludayi da gishiri. Ya koma biredi da gurasa a wata unguwa inda ba a san shi ba. Ka ji wauta, ganyen da ke ɗan sassauta masa ciki ya bari, ya rungumi busasshe. Ciki ya ƙara ɗaurewa, shi kuma ya ce ai ga shaida nan. In maƙwabcin ya gaishe shi, ya ce ya zo duba ko aikinsa ya ci. In bai gaishe shi ba, ya ce kunyar abin da ya aikata ce.

Ɗan lambun, bawan Allah, ya ga abokinsa yana ta ramewa, sai ya ɗauko kwaɗon zogale da hannunsa ya kai masa har rumfar ɗinkinsa, ranar kasuwa, mutane cike. Baduku ya sa ƙafa ya ture kwanon ya ce, "Wanda ka ba ni bai ishe ka ba?" Ɗan lambu ya tsuguna, ya ɗebi abin da ya rage a kwanon ya ci a gaban kowa, ya kakkaɓe hannu ya tafi. Bayan kwana biyu ciwon ya kayar da badukun, ƙanensa ya kai shi asibiti. Malamin asibiti ya duba bai ga komai ba sai bayan gida da ya taru ya bushe. Ya tambaye shi me yake ci, yaushe abin ya fara, me ya faru a gida a lokacin. Da aka zo kan maganar ɗan, sai ga dattijo yana hawaye. Malamin ya ce masa ciki da zuciya igiya ɗaya ta ɗaure su, damuwa tana ɗaure ciki, ɗaurarren ciki kuma yana dagula tunani, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa. Ya ba shi magani, ya ce ya sha ruwa, ya ci ganye, ya riƙa taka ƙasa, ya kuma daina kwana da damuwa shi kaɗai. Mako biyu ciki ya saki, kai ya washe, sai kunya ta rufe shi. Ya je ya ba da haƙuri, ɗan lambu ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Amma ɗan lambun bai sake fitowa da kwanonsa ba, kuma har yau akwai matan da ba sa sayen alayyahonsa, don an ce yana sa abu a abinci. Wannan shi ya fi ba ni takaici.

Don haka ka je a duba ka, ka faɗi abin da ke cin ranka, sunayen mutanen da ke yi maka yawo a kai kuwa ka bar su a kan naka, kada ka furta. Ciki in ya ɗaure yana saki, amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.